Bido biyu a gindin raga

Kullum da yamma, kafin in ɗauko buhun ƙwallaye daga ɗaki, sai na fara ɗaure bido biyu na ruwa a bayan babur. Irin rawayen nan ne da mai ya ƙare a cikinsu, aka wanke su da omo da yashi har wari ya fita. A watannin bazara, lokacin da famfon unguwarmu kan yi kwana uku ko huɗu bai ɗiga ba, ina ganin irin kallon da maiɗakina ke yi wa bidon nan idan na jawo su zuwa zaure. Ba ta taɓa cewa uffan ba, domin tana nan ranar da na dawo gida rigata jiƙe, hannuna na rawa, na kasa cin tuwo.

Malamin lakwal ne ni, shi ya sa yara ke ce mini Mushe ko a aji ko a fili. Ƙwallo kuwa ba ni da wata takardar horarwa, so ne kawai. Yara ashirin da shida nake da su yanzu, daga ɗan shekara 13 zuwa 17, muna atisaye a wani fili mai yashi ta gefen Birni, tsohuwar unguwar garin Damagaram, wato Zinder ta Nijar, inda idan ka tsaya a tsakiya kana hango guntun tsohuwar ganuwa ta wannan ɓangare, manyan duwatsun garin nan kuma ta wancan. Ragarmu bututun ƙarfe ne da wani mai walda ya haɗa mana. Layin fili da toka muke zana shi, iska ta share, mu sake.

Mu da muka taso a shekarun 1990, wanda ya koya mana ƙwallo tsohon soja ne. Allah Ya jiƙansa da rahama, da kuɗin fanshonsa ya saya mana ƙwallon fata ta farko da ƙafata ta taɓa. Atisayensa iri ɗaya ne kullum: zagaye fili sau ashirin, tsallen kwaɗo daga raga zuwa raga, wanda ya makara ya sha gwale-gwale, sannan in rana ta yi saura a ba mu ƙwallo. Ruwa kuwa haramun ne sai an tashi. Yakan ce ruwa yana sa ciki nauyi, yana kashe zuciya, kuma namiji da ƙishirwa ake gane shi. In ka ce maƙogwaronka ya bushe sai ya nuna maka ƙasa, ka ɗauki ƴar tsakuwa ka sa ƙarƙashin harshe. Ba mu taɓa ganin mugunta a ciki ba, kuma ba muguntar ba ce. Abin da aka zuba masa a bariki ne ya zuba mana.

Ni ma ban yi mamakin tsakuwar ba, don tun ina ƙarami na san ta a bakin kakana.

Kakana na wajen uba yana cikin samarin da aka ɗiba soja lokacin yaƙin Hitila. Ba shi ya kai kansa ba. Nasara ya yanka wa kowane gari adadin mutanen da zai kawo, mai gari ya duba gidajen da ke da samari fiye da ɗaya, ƙuri'a ta faɗa kansa. Yana da wata gora ta ƙarfe, an lulluɓe ta da tsohon ƙyalle mai kauri, gefe guda ya loɓa, tana rataye a ƙusa a ɗakinsa tare da carbi. Nakan tsokane shi irin wasan jika da kaka, in ce, “Tsoho, wannan gorar taka ai ko akuya ba za ta ƙosar ba.” Sai ya ce, “Kai ja can, ɗan nema. Ita ta kawo ni gida har na haifi ubanka.” Bai cika ba da labarin harbi ba. Abu uku ne a bakinsa: ƙafa, ƙishirwa da fansho. Yadda takalmin Nasara ya saɓule masa fatar dunduniya, shi da bai taɓa sa sawu ciki ba sai ranar. Yadda ake tafiya tun asuba da kaya a baya, ba mai buɗe gora sai an ba da oda, in an sauka saje ya bi layi yana girgiza gorar kowa, wanda tasa ta yi ƙarar wofi ya shiga uku. Fansho kuma, tun da Faransa ta yi dokar 1959 da ta daskarar da kuɗin tsoffin sojojin ƙasashen da ta mallaka, abin da yake karɓa bai kama ƙafar na Bafaranshen da suka yi fareti tare ba. Har ya rasu yana faɗin wannan.

Kakata kuwa nata yaƙin na gida ne. Daga 1940 zuwa ƙarshen 1942 Nijar tana hannun gwamnatin Vichy, wadda ta miƙa wuya ga Jamus, alhali Cadi a gabas ta bi Janar de Gaulle tun watan Agusta na 1940 a ƙarƙashin gwamna Félix Éboué, Najeriya kuma a kudu ta Ingilishi ce. Sai Damagaram ta wayi gari tana bakin iyakar abokan gaba, Kano da muke ciniki da auratayya da ita tun kaka da kakanni ta zama ƙasar da ba a zuwa sai a ɓoye. Abin da ta fi tunawa shi ne tsadar tufafi. Ta ce zane ɗaya mata biyu ke karɓa-karɓa in za a fita unguwa, masaƙa kuma suka dawo da daraja, kowace mace ta koma kaɗi da mazari.

To da wannan gadon na fara horar da yara. Tsakuwa ce kawai ban sa su tsotsa ba, amma ruwa sai an tashi.

Ranar wata Laraba ce a watan Afrilu, shekara bakwai ke nan. Muna shirin gasar unguwanni, na ce yau gudun minti goma sha biyu za a yi, in ga wanda ya fi nisa. Ƙarfe huɗu da ƴan mintoci, bayan la'asar, yashi har yanzu yana ƙona tafin ƙafa ta cikin takalmin roba. Akwai wani yaro ɗan shekara goma sha biyar da ke buga mini tsakiya, siriri, ba ya magana da yawa, ba ya gajiya. A zagaye na shida na ga yana fita daga layi yana komawa kamar mai maye. Na daka masa tsawa, na zaci wasa ne. Da ya zo daidai inda nake ya dube ni, idonsa ba ya kaina, ya ce wata magana da ba ta da kai, wai a rufe ƙofa awaki za su fita. Sai gwiwarsa ta lanƙwashe.

Da na ɗaga shi jikinsa kamar tukunyar da aka sauke daga murhu. Muka ja shi inuwar katangar wani gida, na cire masa riga, na waiga neman ruwa, babu ko ɗigo a filin, ni da kaina na hana a zo da shi. Golanmu ya ruga cikin gidan yana sallama da ƙarfi. Wata dattijuwa ta fito, ta ga abin da ke ƙasa, ba ta tambayi ɗan waye ba, ta koma ta sa jikokinta suka kinkimo ruwan randarta a bokiti, a watan da ruwa ya fi hatsi wuya. Muka yi ta kwara masa a kai da wuya da hammata, yara biyu suna fifita da rigunansu. Sai da ya buɗe ido ya gane ni muka ɗora shi a kabu-kabu, ni a baya na riƙe shi, zuwa asibiti. Aka sa masa ƙarin ruwa. Ma'aikacin da ya karɓe mu ya tambaye ni yaushe rabonsa da shan ruwa. Ban sani ba. Ya ce da ba mu sanyaya jikinsa tun a can ba, da labarin ya sha bamban.

Bayan isha'i na tafi gidansu. Mahaifinsa ya tafi ci-rani, mahaifiyar na tarar. Na durƙusa daga bakin ƙofa na gaishe ta, na faɗi abin da ya faru ban rage komai ba. Ta yi shiru har na zaci ba za ta amsa ba. Can ta ce, “Mushe, ban hana shi ƙwallo ba, don na ga tana raba shi da zaman banza. Amma yaron nan tun asuba yake tura kura, sawu huɗu ya yi yau yana kai wa gidajen mutane ruwa. A ce shi a hana shi moɗa guda?” Na ce, “Inna, laifina ne, ki yafe mini.” Ta ce Allah Ya yafe mana gaba ɗaya, Ya kiyaye gaba. Ban san yana ga-ruwa da safe ba. Wata takwas yana hannuna, na san ƙafar da ya fi bugu da ita, ban san abin da yake yi kafin ya iso fili ba.

Sati biyu ban busa usur ba. Na shiga karance-karance a waya da dare, na kuma yi ta tambayar wani abokina da ya karanci wasanni a Yamai. Abin da na tarar ya girgiza ni, domin ashe maganar hana ruwa sojojin da kansu sun gwada ta sun yar tun kakana yana sanye da kaki. Lokacin yaƙin duniya na biyu, da Amurka ke shirin tura dakaru hamadar arewacin Afirka, manyan hafsoshi da yawa sun yi imani za a iya saba wa soja da ƙishirwa har jikinsa ya rage buƙatar ruwa. Aka sa wani masanin aikin jiki mai suna Edward Adolph da mutanensa suka bi sojoji cikin hamadar Kaliforniya suna auna nauyinsu, zufarsu, bugun zuciyarsu da abin da suka sha. Sakamakon ya fito a littafi a 1947. Ba a saba wa jiki da rashin ruwa. Mutum mai aiki a zafin hamada yana iya zubar da zufa kusan lita guda a sa'a ɗaya, kuma ko an ajiye masa ruwa a gabansa yakan sha ƙasa da abin da ya zubar. Zafi ne ake sabawa da shi, cikin kwana goma zuwa sati biyu. Wanda kuma ya saba da zafi zufarsa ta fi saurin fitowa, ta fi yawa, ke nan ruwan da yake bukata ƙaruwa ya yi.

Na daɗe zaune da wayar a hannu ina tuna sajen da ke girgiza gorar kakana.

Daga nan na fara ganin sawun bariki ko'ina cikin atisayenmu. Gudun minti goma sha biyun da ya kayar da yarona, wani likitan sojan saman Amurka ne, Kenneth Cooper, ya fito da shi a 1968 don auna ƙarfin numfashin sojoji da yawa cikin sauƙi. Ya shigo ƙwallo ta hannun Cláudio Coutinho, kyaftin a sojan Brazil, wanda yana cikin masu kula da lafiyar jikin tawagar su Pelé da ta ci kofin duniya na 1970 a Meziko. Har yau a Brazil in mutum zai fita sassarfa sunan Cooper yake kira. Tsallake katanga da rarrafe da hawan igiya da ake yi a barikokinmu kuwa suna da tushe a tsarin Georges Hébert, hafsan sojan ruwan Faransa da ya tsara hanyarsa tun kafin yaƙin 1914. Ba na cewa a zubar da duka. Zuwa kan lokaci, jin magana, kula da ƙafa, ɗaukar ɗan'uwanka in ya faɗi, duk daga tsohon sojan nan na koya, kuma ina koyar da su. Amma soja ana shirya shi ne ya yi doguwar tafiya da kaya a taki ɗaya. Ɗan ƙwallo kuwa, ko da babban ɗan wasa yakan ci kilomita 10 zuwa 12 a wasa, mafi yawansu tafiya ce da sassarfa. Abin da ke ci ko ya ba da wasa shi ne gajeren gudun nan na mita goma ko ashirin, da birki, da juyawa, da iya maimaita su a minti na tamanin kamar yadda ka yi a na biyar. Zagaye ashirin a taki ɗaya ba ya koyar da wannan.

Ga yadda yammacinmu yake yanzu. A bazara ba ma farawa sai biyar ta wuce. Kowa ya iso sai ya sha kofi ɗaya ko biyu a gabana, ina tambayarsa me ya yi yau, me ya ci. Wanda ya wuni a garejin ubangidansa ko ya yi dakon bulo ba zan ba shi aiki daidai da wanda ya wuni a aji ba. Sai ɗumama jiki na kusan minti ashirin, na ɗauko shi daga tsarin 11+ da FIFA ta fitar a 2006: sassarfa tsakanin alamu, buɗe ƙugu ciki da waje, tsayuwa da ƙafa ɗaya ana jefa wa juna ƙwallo, tsalle da sauka gwiwa a lanƙwashe ba tare da ta faɗa ciki ba. Alamunmu gwangwanayen tumatir ne cike da yashi. A ciki akwai wanda yara suka tsana, suna kiransa sujadar dole: ka durƙusa, abokinka ya danne maka idon sawu, ka riƙa sunkuyowa gaba a hankali jiki a miƙe har ka kasa riƙewa ka tare da hannu. Yana ƙarfafa naman bayan cinya, kuma bincike ya nuna yana rage yagewarsa da kusan rabi. Sau uku kawai sabon yaro ke yi, in ba haka ba gobe ba zai iya tsuguno ba.

Bayan nan ƙwallo. Huɗu da huɗu a ƙaramin fili, minti huɗu ana wuta, minti uku hutu, sau huɗu. Duk hutu ruwa. Wanda bai taɓa gwadawa ba zai ce wasa ne, amma a cikin yashin nan na Birni minti huɗun sun fi zagaye goma cin rai, kuma yaro yana yin su kansa a ɗage, yana neman wanda zai ba. Ranar Talata nakan ƙara gudun daƙiƙa goma sha biyar da hutun goma sha biyar, ina ƙirgawa da agogon waya.

Wata rana na aro sikelin wani mai sayar da wake, na auna su kafin atisaye da bayansa, riga a cire. Mai tsaron bayanmu, mai kilo 58, ya sauka da kilo ɗaya da rabi, duk da ya sha a hutu. Kowane kilo da ya tafi kusan lita ɗaya ce ta ruwa, kuma da zarar asarar ta haura kashi biyu cikin ɗari na nauyin mutum ƙafa takan yi nauyi, hankali ya ragu. Da suka gani da idonsu a kan allurar sikeli, gardama ta ƙare. Na kuma koya musu duba fitsarinsu da safe. In ya yi kalar shayin farko, akwai bashin ruwa a jiki. Wanda jijiya ke yawan ɗaure masa nakan haɗa masa na gida: lita ɗaya ta ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri.

Akwai yaƙi biyu da har yanzu ban gama ba. Na farko ƙarfe. Samarin garin nan suna son ƙirji, duk wanda ya leƙa unguwar Kara-Kara ya ga yadda ake ɗaga gatarin mota da gwangwanin siminti a fadojin samari. Garin ƴan kokowa ne kuma, filin kokowarmu sunan tsohon zakaran kokowa Langa-Langa yake ɗauke da shi, yara sun taso suna jin labarin Balla Haruna da takobin gasar kokowar ƙasa. Ba na hana su, ƙarfi abu ne mai kyau, sai dai nakan ce ɗan ƙwallo daga ƙugu zuwa ƙasa ake gina shi, kafaɗar da ta fi ƙarfin ƙafa kaya ce. Na biyu ya fi tsanani, wato tramol. Yaro zai haɗiya don kada ya ji gajiya, alhali gajiya da ciwo su ne ƴan saƙon da jiki ke aikowa kafin ya faɗi. Na kori biyu a kan haka, na je gidajensu, ɗaya ya dawo.

Da azumi kuwa muna sassautawa. Rabin sa'a kafin magariba a taɓa ƙwallo a hankali, aiki mai nauyi sai bayan asham ga wanda ya samu dama, a ƙarƙashin fitilar bakin titi.

Yara sukan kawo mini hujja da wasan Mena, tawagar ƙasarmu, da Masar. Ranar 10 ga Oktoba 2010 a Yamai, Masar tana riƙe da kofin Afirka uku a jere, na 2006 da 2008 da 2010, Musa Maazu ya zura ɗaya, aka tashi a haka, daga ƙarshe muka je gasar 2012 karon farko a tarihi ƙarƙashin Haruna Dula. A fadarmu muka kalla, an zubar da butar shayi don murna ba wanda ya kula. Har yau ana cewa rana ce ta ci Masar, mu mun saba da wahala. Nakan ce musu akwai gaskiya a ciki, wanda ya saba da zafin gida yana da rinjaye a kan baƙo. Amma ku tambayi duk wanda ya je filin Seyni Kountché ko ya ga ƴan Mena suna tsotsar tsakuwa.

A hutun ruwa ne labarin ganuwa ke tasowa, don a inuwarta muke zama. Na lura yawancinsu sun san sunayen ƴan wasan Real Madrid har na benci, amma ba su san wanda ya gina katangar da suke jingina da ita ba. Sai in ba su kaɗan-kaɗan. Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, shi ya kewaye Birni da ganuwa, ya tara bindigogi ta hanyar fataken Tarabulus, har igwa aka ƙera masa a garin nan. A watan Mayu na 1898 aka kashe wani hafsan Faransa, Kyaftin Cazemajou, a nan, zamanin Sarki Amadu Kuren Daga. A ƙarshen Yuli na 1899 rundunar Faransa, ragowar ayarin Voulet da Chanoine da suka bar gawarwaki da ƙonannun garuruwa a bayansu, ta haɗu da dakarun Damagaram a Tirmini, yamma da nan kan hanyar Maraɗi. Aka ci mu. A watan Satumba aka kashe sarkin.

Golana na yanzu, yaro mai tambaya, ya ce, “Mushe, to muna da dawaki da igwa da mutane, yaya aka yi?” Na ce masa jarumta ba ta yi ƙaranci ba ranar. Bindigar da ake ɗura wa albarushi ta baki, a harba sau ɗaya a tsaya sake ɗuri, ta gamu da wadda ke harbi a jere daga nesa, a hannun mutanen da aka horar su tsaya sahu su saki wuta tare. Abin da ya fi sa su shiru shi ne da na gaya musu yawancin masu riƙe da bindigogin Nasaran baƙaƙen fata ne, ƴan Afirka ta yamma da aka ɗiba kamar yadda aka ɗibi kakana bayan shekara arba'in.

Na kuma nuna musu yadda ruwa ke bin tarihin garin nan kamar inuwa. Duk rundunar da ta ratsa ƙasar nan rijiyoyi ne suka zana mata hanya. Lokacin da Kawusan, jagoran Buzaye, ya yi wa barikin Faransa na Agadas ƙawanya daga Disamba 1916, daga Zinder ayarin ceto ya tashi, ya ci fiye da kilomita 400 daga rijiya zuwa rijiya, ya isa a farkon Maris 1917. Garin nan shi ne babban birnin Nijar daga 1911, kuma da aka mayar da shi Yamai a bakin kogi a 1926, ƙarancin ruwa yana cikin dalilan da aka bayar. Shekara ɗari ke nan, ga mu zaune muna zagaya kofi ɗaya na roba tsakanin mutum ashirin da shida, ana jiran ruwan Arunguza, inda ake jawo wa garin ruwa, ya iso famfo.

Gorar kakana tana wurina. Da aka raba kayansa ba wanda ya nema, na ɗauka. Na sa an toshe wata ƴar huda a gindinta da dalma, ita nake cikawa in rataya a ƙarfen raga, daga ita nake sha. Na auna ta da kwalba, lita ɗaya ce cif. Nakan miƙa wa sabon yaro ya riƙe, in ce masa da wannan ake wuni ana tafiya.

Yaron da ya faɗi yanzu shekararsa ashirin da biyu, yana gyaran babura a Sabon Gari. Bai zama ɗan wasan Espoir, ƙungiyar garin nan, ba kamar yadda ya so, gwiwa ta hana. Amma duk ranar da aiki ya yi sauƙi yakan zo, shi ke riƙe kofi. Ya fi ni tsanani. Yaro ya ce ba ya jin ƙishirwa, sai ya ce masa, “Ƙanena, ba tambayarka na yi ba, sha.” Shi ya kawo shawarar kowane yaro ya riƙa kawo dala biyar ranar Juma'a don kuɗin ruwa, wanda ba shi da ita ya ɗauki bido zuwa babur.

Jiya da aka kira magariba saura kamar lita uku a bido na biyu. Muka yi alwala da ita mu shida, ragowar ya juye a gindin dogon yaron da muka dasa bayan raga bara, wanda muka kewaye da ƙaya saboda awaki. Ya kai ƙugu yanzu. Famfo bai zo ba yau ma, na riga na aika wa mai kurar layinmu ya ajiye mini biyu kafin azahar, don gobe Talata ce, ranar gudu.